Itacen jin ɗumi: a busar da shi, a bar wa hayaƙi hanya

Daga Disamba zuwa Janairu, in sanyin hunturu ya sauka a yankin Toro da Dass da Tafawa Ɓalewa, da wuya ka ga gidan da ba a hura wuta. Lokacin ne kuma masu tari, jan ido da ƙuna ke ƙaruwa a ɗakunan shan magani. Sau da yawa daga itacen abin yake farawa.

Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sai wuta ta gama da ruwan kafin ta ba da zafi, shi ya sa yake tsiyayar da kumfa ta baki, ya turnuƙe ɗaki. Busasshe kuwa bakinsa a tsattsage yake, ɓawonsa na saɓulewa, in ka buga biyu su yi ƙara kas-kas.

A faskara shi tun da wuri, tsawon kamu ɗaya, kaurin damtse, don faskare ya fi gungume saurin bushewa. A ɗora a kan kututture, a ware ƙafafu, a bi tsagar da ke jikinsa, a kauce wa gaɓa. Kafin sara a duba ƙotar gatari. In tana rawa a gyara tukuna, yara kuma su yi nisa. Marke da kirya sun fi riƙe garwashi. Kaɗanya da ɗorawa dai a ƙyale su, abincin gida ne.

Wajen ajiya, a jera bisa duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da katanga, don gara. A rufe sama kawai, gefe ya sha iska. Kada a zura hannu cikin tarin da dare, kunama na son wurin.

Inda aka fi yin asara shi ne kasko. Garwashi, ko ya daina hayaƙi, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A rufaffen ɗaki tana taruwa ta kashe mutane cikin barci. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mutanen ɗaki ɗaya take kamawa tare. In an ga haka a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. A ɗuma ɗaki taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, musamman ɗakin mai jego da jariri. Mai farfaɗiya kada ya zauna gaban wuta shi kaɗai.

Kada a kunna wuta da leda, roba ko fetur. Ƙirare da karan dawa sun wadatar.

Wanda ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da ƙwai, manja, toka ko man goge baki. In ƙunar ta fi tafin hannunsa girma, ko ta shafi fuska, ko ƙaramin yaro ne, sai asibiti.