Waiwaye: Tsoffin Waƙoƙin Amurka da Kalaman Ƙasƙanta Baƙar Fata

Tun wajen 1830 wani wasan dandamali ya samu karɓuwa a Amurka: Bature ya shafe fuska da baƙi, ya zana wa kansa ƙaton leɓe, ya hau kwaikwayon maganar bayi, 'yan kallo na sheƙa dariya. Thomas Rice ne ya yi fice da shigar "Jim Crow", sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar. Waƙoƙi da dama da yau ake ce wa na gargajiya daga wannan dandamali suka fito, suka bi gari har aka manta tushensu.

Stephen Foster shi ne gwanin rubuta waƙoƙi na wancan zamani. Waƙarsa "Oh! Susanna" ta 1848 har gobe yara na rera baitinta na farko. Na biyun, mai ɗauke da mummunar kalmar nan da ake jifan baƙar fata da ita, an jingine shi shiru, ba sanarwa.

Inda gwamnati ke da hannu kuwa, sai da aka zauna. Jihar Kentucky ta ɗauki wata waƙar Foster a matsayin takenta a 1928, sai a 1986 majalisarta ta cire wata kalmar wulaƙanta baƙar fata da ke cikin waƙar ta sa "mutane". Virginia ta ga sauya kalma ba zai fisshe ta ba, domin taken nata tun daga farko har ƙarshe tsohon bawa ne ke begen Virginia da zamansa wajen ubangidansa. A 1997 aka sauke ta daga matsayin take, alhali mawallafinta James Bland baƙar fata ne. A Ingila ma, abin mamaki, BBC ba ta daina nuna wasan shafa baƙi a talabijin ba sai 1978.

Taƙaddamar da ta rage ta masu adana tarihi ce. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe rumbun waƙoƙin gargajiya a 1928, kuma faya-fayan na nan da kalmominsu yadda aka naɗa. Masu cewa a goge munanan kalmomin suna duba wanda kalmar ke yi wa ciwo. A ganina mawaƙi ya sauya abin da zai rera, dama haka waƙar baka ke tafiya, amma kundi a bar shi da bayani a gefe. In aka wanke shi, wanda ya zo gobe zai ɗauka ba a taɓa furta ta ba.