Mece ce cibiyar renon kasuwanci a jami'a?

Idan jami'a ta ce tana da "inkubeta", ɗalibai da yawa sukan ɗauka ofishi ne da ake rabon jari. Asalin kalmar sunan injin ƙyanƙyasar ƙwai ne, haka kuma kwalbar da ake sa bakwaini a asibiti. A duka biyun, abin da ke ciki abu ne mai rai da bai yi ƙwarin fita waje ba, sai a ba shi ɗumi da kariya har ya ƙosa. Shi ya sa fassarar da ta fi dacewa ita ce cibiyar renon kasuwanci: wurin da ake riƙon sabuwar sana'a kafin ta tsaya da ƙafafunta.

Ana danganta farkon abin da garin Batavia a jihar New York ta Amurka. A 1959, Joseph Mancuso ya rasa babban kamfani guda da zai karɓi hayar wata ƙatuwar masana'anta da aka rufe, sai ya yanka ta ɗaki-ɗaki ya bai wa ƙananan 'yan kasuwa, yana haɗa musu da shawara da taimakon neman jari. Cikin masu hayar farko har da kamfanin kiwon kaji, kuma daga nan aka ce sunan ya samo asali. Daga baya jami'o'i suka ɗauki tsarin.

Abin da ido ke fara gani shi ne tebur, intanet, ɗakin taro, wani lokaci da izinin shiga ɗakin gwaje-gwaje. A ganina wannan shi ne mafi ƙanƙantar amfanin wurin. Babban amfaninsa mutane ne. Akwai jagora wanda ya taɓa kafa kamfani, ya san inda ake tuntuɓe. Akwai lauyan da zai duba yarjejeniya tsakanin abokai biyu kafin kuɗi ya shigo ya raba kansu, da akanta mai nuna wa ɗalibi cewa ciniki daban, riba daban. Cibiya mai kyau ba ta barin ɗalibi ya zauna yana ƙawata takardar tsarin kasuwanci. Tura shi take yi ya je ya tambayi masu sayen da yake hange ko za su biya, kuma nawa. Sau da yawa amsar takan zo da ɗaci, amma gara a ji ta ana ɗalibi, kafin a ci bashi ko a ɗauki ma'aikata.

Kuɗi kan zo, amma kaɗan ne, galibi ta hanyar gasa inda ake ba mutum 'yan mintuna ya gabatar da dabararsa gaban alƙalai. A nan ne ake rikita cibiyar reno da shirin hanzarta kamfanoni, irin na Y Combinator da aka kafa a 2005. Shi wannan na wata uku ne, yana zuba kuɗi ya karɓi hannun jari a kamfanin. Reno ya fi tafiya a hankali, kuma cibiyoyin jami'a da yawa ba sa neman kaso daga ɗalibi.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a sa hannu a kowace takarda: wa ya mallaki dabarar? Idan an ƙirƙiro abu da kayan aikin jami'a ko kuɗin bincikenta, tana iya zama mai haƙƙi a kai. Fasahar jera sakamakon bincike da aka gina Google a kanta a jami'ar Stanford ta Amurka aka ƙirƙiro ta, jami'ar ce ta riƙe haƙƙin mallakarta, ta ba kamfanin lasisi a madadin hannun jari, wanda ta sayar a 2005 kan dala miliyan 336. Ƙa'ida ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a nemi rubutacciyarta a karanta. Ɗalibin da ke karatu a ƙasar waje kuma ya duba sharuɗɗan bizarsa. Ta ɗalibai a Birtaniya, misali, ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda waɗannan cibiyoyi kan karkata ga masu manhajar waya da mafarkin zama babban kamfani. Mai zane, mai fassara, mai ɗaukar hoto, wanda burinsa ya ci da kansa daga gwanintarsa, shi ma yana da haƙƙi a wurin. Bukatarsa ita ce ya iya yanka farashin aikinsa, ya rubuta yarjejeniya, ya ware kuɗin haraji, ya san abin yi idan wanda ya ba shi aiki ya ƙi biya.

Zama a cibiyar yana da wa'adi. Bayan shekara ɗaya ko 'yan shekaru akan yaye kamfanin ya koma biyan hayarsa da kansa, wata sabuwar dabara ta gaji teburin.