Waiwaye: Yadda Aka Faro Aikin Idon Bakwaini

A unguwarmu a Garwa, ƙasar Kamaru, wata maƙwabciyata ta haifi bakwaini. Ya yi mako biyar a kwalba, aka sallame su, kowa na ta barka. Yana wata biyar kakarsa ta ɗaga shi a hasken hantsi ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki ga wani fari-fari a ƙwayar idon yaron nan." An ɗauka yanar ido ce. Ashe tantanin da ke can bayan ido, mai karɓar haske, shi ne ya saɓule daga mazauninsa.

Irin wannan farin ne likita Theodore Terry ya fara bayyanawa a birnin Boston na Amurka a 1942. Jijiyoyin jinin tantanin suna fara tsiro ne tun ciki yana wajen mako 16, kuma ba sa kaiwa gefe sai dab da haihuwa. In yaro ya zo da wuri aka cika masa iskar oksijin, sai tsiron ya tsaya, daga baya ya ɓarke barkatai, ya bar tabo, tabon ya janyo tantanin. A shekarun 1940 ba a san haka ba, ana ta ɗura iskar da kyakkyawar niyya. Dubban yara suka makance, cikinsu har da mawaƙi Stevie Wonder da aka haifa a 1950. Kate Campbell a Ostareliya ta zargi oksijin a 1951, Arnall Patz a Amurka ya gwada ya tabbatar. Sai aka rage iskar ƙwarai, makanta ta ja baya, amma mutuwa da lalurar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Magani ya daɗe bai zo ba. A 1984 aka amince da raba cutar mataki huɗu, a 1987 aka mayar da su biyar. A 1988 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa daskarar da gefen tantanin da tsananin sanyi yana rage lalacewar ido da kusan rabi. Daga baya hasken leza ya karɓe aikin, ga shi kuma tun wajen 2011 allurar da ake yi a cikin ido ta samu karɓuwa. Duk waɗannan kafin tantanin ya saɓule ake yinsu, kuma da zarar likita ya ga lokaci ya yi, kwana biyu zuwa uku ne kawai a hannu.

Tiyata ta ainihi sai a mataki na 4, inda wani ɓangaren tantanin ya saɓule, da na 5, inda ya saɓule gaba ɗaya: ko a ɗaura wa ƙwallon ido wani ɗan ɗamara daga waje, ko a shiga ciki a kwashe ruwa mai kauri da ke cikin ƙwallon idon a yanke tabon. Ka tuna idon jinjiri bai kai goro ba. A mataki na 4 akan ceto gani. A na 5 kuwa, ko tantanin ya koma, sau da yawa abin da yaro ke samu bai wuce bambance haske da duhu ba.

Abin da ke damuna shi ne, kwalba da oksijin suna yaɗuwa a asibitocinmu daga Marwa zuwa Ngaundere, kuma alheri ne, amma duba idon bakwaini kafin ya cika kwana 30 bai zama al'ada ba. Maƙwabciyata ba wanda ya ce mata ta dawo a duba ido. Nauyi kawai ake aunawa.

Mijinta ya sayar da babur ɗinsa, suka bi mota zuwa Ngaundere, suka kwana a jirgin ƙasa har Yawunde. Likitan ya duba ya ce mataki na 5 ne, ido biyun. Yaron yanzu shekararsa uku, da jin takun kakarsa a zaure yake miƙa hannu.