Gasar Hawan Bango Ba Igiya: Tambayoyin Matasan Jos da Amsoshinsu

Duk wanda ya tashi a Jos ya san hawan dutse tun kafin ya san cewa wasa ne da ake cin lambar zinare da shi. Yaran Dutse Uku da na Gangare, an tashi daga makarantar allo sai kan duwatsu, da silifas ko ma ƙafa ba takalmi. Waɗanda suka ɗan tasa su kan tafi duwatsun Shere ko na Riyom ranar hutu. Tun da aka nuna hawan bango a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ƙannena da abokansu suka dame ni da tambayoyi, mafi yawa a kan nau'in da ake kira boldarin, wato hawan gajeren bango ba igiya. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Yaya, wai mene ne bambancinsa da hawan dutsen da muka saba?

Bangon bai da tsawo, bai cika wuce mita huɗu da rabi ba, kuma akwai katifa mai kauri a ƙasa. An ɗaure masa mariƙai na roba masu launi, wasu manya kamar ƙwarya, wasu ba su kai faɗin ɗan yatsa ba. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan tsara hanya a jikin bangon: su zaɓi inda za ka fara, su zaɓi inda za ka ƙare, abin da ke tsakani kuwa su mayar da shi kacici-kacici. A dutsen Shere kai ke zaɓar inda za ka bi, in nan ya gagara ka zagaya. A gasa ba zagayawa. Hanya ɗaya ce, wani ya tsara ta da gangan don ta ruɗa ka, kuma agogo yana tafiya.

Hukumar wasan hawa ta duniya, wadda aka kafa a 2007 da sunan IFSC, ita ke shirya manyan gasannin duniya. Wasan ya fara shiga Olamfik a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Janja Garnbret ta ƙasar Sulobeniya ta ci zinare a can, ta sake ci a Faris. A ɓangaren maza a Faris, Toby Roberts na Birtaniya ne ya ci yana ɗan shekara 19. A Los Anjelis a 2028, boldarin zai samu lambar yabonsa shi kaɗai, ba a haɗe da wani nau'i kamar yadda aka yi a Tokiyo da Faris ba.

To yaya ake ba da maki?

Ka fahimci wannan kafin ka sayi takalmi, domin mutane da yawa sun iya hawa amma dokar ta kayar da su.

Ana manna tef a wuraren farawa, alama huɗu: hannu biyu, ƙafa biyu. Sai ka daidaita a kansu, jikinka duka ya bar ƙasa, sannan ka wuce. In ka yi tsalle ka wuce ba ka nuna ka daidaita ba, alƙali zai sauko da kai, an kuma ƙirga maka gwaji ɗaya. A tsakiyar hanya akwai mariƙi mai alama da ake kira zon. A sama kuma akwai mariƙin ƙarshe, wanda dole ka riƙe da hannu biyu, jikinka a natse. Mari da tafin hannu ka faɗo ba ya cikin lissafi. Ka riƙe, ka waiwayo ka dubi alƙali, sai ya ɗaga hannu sannan ka sauka.

A tsarin da IFSC ta fara amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 2025, kai wa ƙarshe maki 25 ne, zon maki 10, kuma duk gwajin da ka faɗo kafin ka ci ana cire maka 0.1. Wanda ya gama hanya a gwaji na uku yana da 24.8. Zagayen ƙarshe hanya huɗu ce, ka ga ke nan maki 100 ne iyaka. Wannan ɗan 0.1 da kake raina shi, shi ke raba na uku da na huɗu in ƙarfi ya zo ɗaya.

Ƙananan gasanni na wuraren motsa jiki kowa da tsarinsa, saboda haka ka tambayi masu shiryawa, ka sa su maimaita maka har ka gane.

Ni fa ina ɗaga ƙarfe, ina jan jikina a sanda sau ashirin. Ai na gama shiri ko?

Ba ka gama ba, ƙanena, kuma a nan na fi son mu tsaya.

Na taɓa tsayawa kallon wata ƙaramar gasa, wani saurayi ƙaƙƙarfa, damtsensa kamar na mai faskare, ya fito ya fuskanci hanyar da bangonta ya ɗan kwanta baya, mariƙanta manya masu santsi, ba inda yatsa zai shiga. Ko kallonta bai tsaya yi ba. Ya hau ya zame, ya hau ya zame, kafin minti biyu ya yi gwaji bakwai. Hannunsa ya kumbura, yana yarfewa yana haki. Bayansa wata yarinya 'yar siririya ta zo. Ta tsaya a ƙasa kusan rabin minti tana motsa hannu a iska, tana karkata ƙugu kamar mai awon hanya. Ta goge tafin takalminta a jikin wandonta, ta hau a hankali, ta ɗora nauyinta duka a kan babban yatsan ƙafar dama, ta miƙe tsaye, hannunta kusan dafa bango kawai yake yi. Gwaji ɗaya ta gama.

Masu tsara hanya ba sa jera hanyoyi huɗu iri ɗaya. Galibi za ka tarar da ɗaya ta ƙarfin yatsu da kafaɗa a bangon da ya rusuno kanka, ɗaya ta daidaito irin wadda na ba ka labari, ɗaya kuma ta gudu da tsalle, inda za ka taka mariƙi biyu ko uku a guje ka cafke wani a sama. Mai ƙarfi kaɗai ya ci ɗaya, uku sun tafi. Abin da nake gaya wa 'yan Jos kullum shi ne, kyautar da duwatsunmu suka ba ku tana ƙafa ne. Wanda ya saba tsayawa a kan sulɓin dutse ya riga ya koyi yarda da ƙafarsa, abin da wasu ke shekara suna nema. Kada ku je bango ku manta da wannan ku koma rataye da hannu.

Minti huɗu ai ba komai ba ne. Yaya zan raba su?

A manyan gasanni, zagayen share fage da na kusa da ƙarshe minti biyar ne a kowace hanya, zagayen ƙarshe minti huɗu. Kafin zagayen ƙarshe ana fito da 'yan wasa su kalli kowace hanya na minti biyu, suna iya tattaunawa da juna, amma mariƙan farawa kaɗai aka yarda su taɓa.

Daƙiƙa talatin zuwa arba'in na farko ka ba wa ido. Ina farko, ina zon, ina ƙarshe? Wane hannu ne zai fara isa wancan mariƙin? Ina ƙafa za ta kasance a lokacin? Dubi inda allin da masu hawa ke shafawa a hannu ya yi fari da inda robar takalmi ta bar baƙin tabo, waɗanda suka riga ka sun bar maka sawu. Sannan ka hau gwajin farko da niyyar gamawa, ba da niyyar ɗanɗanawa ba, domin a lokacin ne hannunka ya fi sabunta.

In ka faɗo, kada ka zabura ka koma. Sauri ya kan haifi nawa. Ka ja baya, ka sa buroshi ka goge mariƙin da ya zame maka, ka tambayi kanka me ya kayar da kai: ƙafa ce ta zame, ko hannun da ka kai ba shi ba ne? Hanya mai cin ƙarfi, gwaji uku ko huɗu masu kyau sun ishe ka, da hutu a tsakani. Hanyar tsalle kuwa ba ta cin hannu sosai, kuma jiki da maimaici yake koyon ta, to a nan kana iya yawaitawa. In ka faɗo sau biyu a wuri ɗaya ta salo ɗaya, canja salo. In kuma ka tabbata ƙarshen ya fi ƙarfinka yau, kama zon ɗinka ka adana hannu, akwai wata hanyar tana jiran ka.

Saura wata guda gasa. Me zan yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda ba zai ƙara maka wani ƙarfin kirki ba, amma ya isa ka saba da yanayin gasa. Sau ɗaya ko biyu a mako, ka sa abokinka ya zaɓa maka hanyoyi huɗu da ba ka taɓa hawa ba, ya riƙe waya yana duba lokaci: minti biyar hawa, minti biyar hutu, ba mai gaya maka inda za ka sa hannu. Sauran ranakun ka ba wa abin da ka tsana. Kowa ya san nasa. In tsalle kake gudu, tsallen za ka yi. Makon ƙarshe ka rage yawan hawa sosai, kwana biyu kafin gasa ka huta, ka yi barci.

Maganar katakon ratayewa da ake ƙarfafa yatsu da shi: wanda bai daɗe da fara hawa ba ya bari tukuna. Jijiyoyin yatsa ba sa ƙarfi da saurin da tsoka ke yi, kuma akwai wani zobe na jijiya a gindin yatsa da ke tsinkewa in an matsa masa, har ka ji ƙararsa. Jinyarsa watanni ce. Yara masu tasowa kuwa, ƙashin yatsunsu bai gama haɗewa ba, kada a ɗora musu nauyi suna ratayewa. Yaro ya ce gaɓar yatsansa na ciwo, a tsayar da shi a kai shi asibiti.

Hunturun Jos yana farfasa min hannu. Ya zan yi?

Garinmu yana sama da mita 1,200 daga teku, kuma sanyi da bushewar Disamba da Janairu alheri ne ga mai hawa, hannu ba ya gumi, riƙo yana kamawa. Illarsa ita ce fata. Alli yana ƙara busar da ita, sai kan yatsa ya tsage. Da ka gama hawa ka wanke allin, da dare ka shafa man kaɗanya ko basilin. Ranar gasa kuwa kada mai ya kusanci tafin hannunka tun safe, in ka shafa a jiki ka wanke hannu da sabulu. Kantar da ta yi tudu ka goge ta da 'yar takardar yashi kafin mariƙi ya fizge ta. Ka yanke farce. Wanda zai je gasa a Abuja lokacin zafi matsalarsa akasin haka ce, gumi, sai ya riƙi allin ruwa ya fara shafawa kafin na gari.

Ni mace ce, Malam. Akwai abin da ya shafi sutura?

Ba abin da zai hana ki, 'yar'uwa. Dogon wando mai ba da sararin buɗe ƙafa, riga mai dogon hannu wadda ba ta da yalwar da za ta maƙale a mariƙi, da ƙaramin hijabin wasanni mai kama kai, ba mai zubowa ba, kuma ba allura a jikinsa. Zobe da awarwaro a cire su, wannan har da maza masu zoben azurfa, domin zobe in ya sarƙe a mariƙi jiki na faɗowa, raunin da yake yi wa yatsa ba ƙarami ba ne. Takalmin hawa ya kama ƙafa sosai amma ba har ki kasa tsayawa ba, kuma kada ranar gasa ta zama ranar farko da kika sa shi.

Faɗowar fa? Ita nake tsoro.

Tsoron nan daidai ne, don a wannan wasan duk faɗuwa ƙasa ake kaiwa, kuma idon sawu ne ya fi shan wahala. Faɗuwa koyonta ake yi, daga ƙasa-ƙasa ana ƙara tsawo. Ka sauka a kan ƙafa biyu, gwiwa a sake, ka bar jikinka ya mirgina baya, hannuwa a ƙirji, haɓa a sunkuye. Kada ka miƙa hannu baya don ka tare, nan ake karya wuyan hannu ko a goce gwiwar hannu. Kafin ka hau ka duba katifa, ba gorar ruwa, ba buroshi, ba mutum. Wanda ya saba da faɗuwa shi ke iya sakin jiki ya kai hannu mariƙin ƙarshe, wanda bai saba ba rabin hankalinsa yana ƙasa.

Ranar gasar kanta, me zan yi tun daga safe?

Ka ci abin da cikinka ya sani, awa biyu ko uku kafin a fara: kunu da ƙosai kaɗan, ko shayi da burodi, ko dankalin Jos dafaffe. Ka riƙi ayaba, dabino da ruwa. Ka lissafa lokacin salla tun a gida, ka gaya wa masu shiryawa da wuri, domin a gasar da ake killace 'yan wasa a ɗaki don kada su ga hanyoyin, ba a fita yadda aka ga dama, ba a kuma yarda da waya a ciki.

Ɗumama jiki ka ba shi aƙalla rabin awa, a fara da tsalle-tsalle da juya kafaɗa, sai hawa mai sauƙi, sai biyu ko uku masu wuya don yatsu su farka. A sanyin Jos ka sa rigar sanyi tsakanin hanya da hanya, hannu a aljihu.

In gasar irin ta kowa-da-kowa ce, wadda ake ba ka takardar maki da hanyoyi masu yawa ka zagaya cikin awa biyu ko uku, to a nan an yarda ka kalli wasu, kuma gani ya kori ji. Tsaya ka ga yadda mai tsawo irin naka ya bi. Fara da matsakaita, ka tunkari masu wuya a tsakiyar lokaci sa'ad da jiki ya yi zafi fata kuma ba ta cinye ba, ka bi layin da ya fi gajarta. Duk hanyar da ka gama, ka tsaya alƙali ya rubuta a gabanka ka duba lambar hanyar da yawan gwajin, sannan ka karɓi takardarka ka wuce ta gaba.