Daga Abuja Zuwa Caji Ofis: Ina Kuɗin 'Yan Sanda Ke Maƙalewa?

Wani maƙwabcina a nan Jos aka sace wa keke napep cikin dare. Da gari ya waye ya garzaya caji ofis. An ɗauki bayaninsa, sannan aka ce idan yana son a bi sawu sai ya kawo kuɗin mai, domin motar ofis babu ko ɗigo a tankinta. Ya dawo ransa a ɓace, ya tare ni a ƙofar masallaci: "Malam, don Allah su waɗannan ba a ba su kuɗin aiki ne?" Ga abin da na iya amsa masa, da sauran tambayoyin da suka biyo baya a majalisarmu.

Wane ne ke da alhakin biyan 'yan sandan da ke aiki a Filato?

Gwamnatin Tarayya. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, kuma ba a yarda a kafa wata ba. Kurtun da ka gani a shataletalen Terminus da wanda ke Wase ko Shendam duk ma'aikatan tarayya ne. Kwamishinan 'yan sandan jiha yana amsa umarnin Sufeto Janar da ke hedikwatar Louis Edet House a Abuja. Gwamna na iya ba shi umarni kan zaman lafiya, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan damar ya ce a fara jin ta bakin Shugaban Ƙasa ko ministansa.

Da can ba haka abin yake ba. Dattawanmu sun san 'yan doka na En'e, waɗanda baitulmalin gargajiya ke biya. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da su cikin rundunar tarayya.

To ta wace hanya kuɗin ke fitowa?

Kowane wata kwamitin rabon arziki yana zama a Abuja ya raba abin da ya shigo Asusun Tarayya: kashi 52.68 cikin 100 na Gwamnatin Tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. Daga rabon tarayya ake ɗaukar nauyin 'yan sanda. Rundunar na tsara buƙatunta, su bi ta Ma'aikatar Harkokin 'Yan Sanda da ofishin kasafi, Shugaban Ƙasa ya miƙa wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kwamitoci su kira Sufeto Janar ya kare, a zartar, a sa hannu.

Abin da aka ware kashi uku ne: albashi da alawus, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da kuɗin manyan ayyuka kamar gina bariki da sayen motoci. Albashi ne ke cinye kaso mafi tsoka nesa ba kusa ba, kuma shi ba ya biyawa ta hannun kowane shugaban ofis; daga ofishin Akanta Janar yake faɗawa asusun bankin ɗan sanda ta tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya na bai-ɗaya, wato IPPIS. Shi ya sa idan aka ji a rediyo an ware wa 'yan sanda ɗaruruwan biliyoyin naira, bai kamata mutum ya ɗauka kuɗin mai ne da taya ba.

Wane kashi ne ya shafi mai kai ƙara kamar maƙwabcina?

Kuɗin gudanarwa. A cikinsa ake sayen mai, a gyara mota, a sayi takarda da biro, a biya wuta, a ciyar da wanda ke tsare, a biya kuɗin motar mai bincike idan shari'a ta kai shi wata jiha. Shi ne ƙarami, shi ne kuma mai doguwar tafiya. Daga hedikwata zai sauka zuwa shiyya, akwai shiyyoyi 17 a ƙasar, sai rundunar jiha, sai kwamandan yanki, sai DPO, wato shugaban caji ofis, sannan ƙananan ofisoshin ƙauye. Ruwan da aka ɗebo da kwando daga Abuja, me zai rage kafin a iso Kanam?

A nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Ana iya ganin jimillar da aka ware wa rundunar a takardar kasafi, amma talakan Bokkos ba shi da inda zai duba ya ga nawa aka tura wa ofishin garinsu a wannan wata. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1943, ta ce a riƙa jin buƙatun ƙananan rundunoni kafin a haɗa kasafi. Tanadi ne mai kyau, domin DPO na Bassa ko Riyom ya fi kowa sanin nisan ƙauyukansa da munin hanyoyinsu lokacin damina. Duk wanda ya tuna harin jajiberin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barkin Ladi ya san abin da mota mai cikakken tanki take nufi ga ƙauyen da ke kiran agaji cikin dare.

Sannan akwai bambanci tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka saki. Kuɗin manyan ayyuka ne aka fi jinkirtawa ko a sake su rabi da rabi idan kuɗin shiga ya yi ƙasa.

Shin wannan ya halatta karɓar kuɗi a hannun mai ƙara?

A'a. Beli kyauta ne, kai ƙara ma haka. Ƙarancin kuɗin aiki gaskiya ne, amma ya zama rigar fakewa ga masu son zuciya, kuma wanda abin ya fi ci shi ne marar gata, wanda ƙararsa ke kwana a aljihun tebur don ba shi da abin bayarwa.

Ina labarin Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda?

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa shi, da wa'adin shekara 6, don horo, kayan aiki da jin daɗin jami'ai. An tanadi a cire kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin Asusun Tarayya, a kuma karɓi kashi 0.005 na ribar kamfanoni. Jihar Ribas ta garzaya kotu, tana cewa ana yanke mata rabo don hukumar da ba tata ba. A Janairun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yarda da ita, ta ce sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya keɓe Asusun Tarayya ga matakan gwamnati uku ne kawai. Shi ma asusun tallafin daga Abuja ake sarrafa shi, yawanci kuma kaya yake sayowa ya raba.

Amma ai muna ganin gwamnoni na raba motoci?

Suna yi, kuma ba don haka ba da ofisoshi da yawa sun durƙushe. Gwamnoni kan sayi motocin sintiri da babura, su ba da mai da alawus, galibi daga kason tsaro da ba a cika bayyana yadda ake kashe shi ba. Shugabannin ƙananan hukumomi ma kan tallafa wa DPO. Legas ta tsara nata a doka tun 2007, ta kafa asusun tsaro da bankuna da kamfanoni ke zuba kuɗi. Illar a fili take: jihar da ke da hali 'yan sandanta sun fi kayan aiki, kuma hannun da ke zuba mai a mota yana da wuyar ƙin jin maganarsa, musamman gab da zaɓe.

Filato ta bi wata hanyar tun zamanin Gwamna Jonah Jang, ta kafa rundunar tsaro ta Operation Rainbow da kuɗin jiha, kamar yadda daga baya aka samu Amotekun a Kudu maso Yamma da Askarawa a Zamfara.

'Yan sandan jihohi za su magance matsalar?

A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun. Kafa su na buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Ƙasa da na majalisun jihohi 24 cikin 36. Ni abin da nake tambaya shi ne kuɗi. Idan aka ɗora wa jiha runduna ba a taɓa wancan kashi 26.72 ba, jihar da ke fama da albashin malaman firamare da me za ta biya mutum mai bindiga? A gari irin Jos kuma, da ya ɗanɗana rikicin 2001 da 2008 da 2010, dole a fayyace wa zai ɗauki ma'aikatan, daga waɗanne unguwanni, kafin kowa ya saki jiki.

Me mutanen unguwa za su iya nema yanzu?

Ɗan majalisar wakilai da sanatan da muka tura su ne ke zartar da kasafin, don haka su ne za a tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayanin kuɗin da ta kashe. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ke zama da DPO zai iya neman a liƙa takarda a jikin allon ofis, kusa da wadda ke cewa beli kyauta ne, mai ɗauke da adadin kuɗin gudanarwar da ya iso a wata, da ranar da ya iso, da litar man da aka saya da shi.