Wasiyya, wakilci da rabon gado a tsakanin Hausawan Saudiyya

Shirin gado shi ne matakan da mutum ke ɗauka tun yana da rai da hankali domin a san dukiyarsa da basussukansa da magadansa, da kuma wanda zai riƙe al'amuransa idan tsufa ko ciwo ya ci ƙarfinsa. A Saudiyya shari'a ta riga ta yanka wa kowane magaji kasonsa, saboda haka aikin lauya da marubucin adalci, wato katibul adli, ya fi karkata ga tabbatar da takardu.

Asali

Hausawa sun daɗe suna zama a Hijaz, yankin Makka da Madina. Mahajjata kan taso da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur, su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, tafiyar da kan ci shekaru. Adadinsu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya: wasu mabiyansa sun zauna a Sudan tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wasu suka zarce Makka da Madina. Jikokin waɗanda suka riski kafuwar masarautar a 1932 da yawansu 'yan ƙasa ne, masu laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Waɗanda suka zo daga baya suna zaune ne da igama, wato takardar izinin zama, wasu kuma ba su da takarda ko ɗaya. Wannan bambanci shi ke raba gadon da ake gamawa cikin makonni da wanda ke shekaru a kotu.

A unguwanni irin su Misfala da Shara Mansur a Makka, an saba malamin unguwa ya raba gado bisa mazhabar Malikiyya, alhali kotunan ƙasar sun ginu a kan Hambaliyya. Asalin kason bai bambanta ba, domin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Saɓanin yana cikin rassa: a tsohon ra'ayin Malikiyya ragowar dukiya baitulmali take tafiya idan babu asaba, wato magadan da ke ɗaukar ragowar gado, Hambaliyya kuwa tana mayar da ita ga masu kaso, tana kuma gadar da dangi na wajen uwa idan babu wanda ya fi su kusanci. Tun 2022 dokar zamantakewar iyali ta tattara waɗannan hukunce-hukunce a rubuce.

Wasiyya

Daga abin da mamaci ya bari ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba saura. Wasiyya ba ta wuce sulusi, bisa hadisin Sa'adu bin Abi Waƙƙas da ya yi jinya a Makka, kuma ba a yin ta ga magaji sai idan sauran magada sun amince bayan rasuwar. Ana iya rubuta ta a gida da shaidu, amma wadda aka yi wa rajista a ofishin marubucin adalci ko ta shafin Najiz na Ma'aikatar Shari'a ta fi wuyar musantawa.

Masu buƙatarta su ne waɗanda shari'a ba ta ba su kaso ba: agola, yaron riƙo, da jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa alhali baffanninsa suna raye. Masar ta wajabta wa irin wannan jika wasiyya tun 1946, Saudiyya ba ta yi haka ba. Takarda mai kyau takan lissafa basussuka da masu su, ajiyar mutane da ke hannun mai wasiyyar, gida ko gona da ke Najeriya ko Nijar, da sunayen mata da 'ya'ya duka, har da na auren da aka ɗaura a gida ba a yi masa rajista ba. Uba na iya naɗa wasiyyi da zai kula da dukiyar 'ya'yansa ƙanana.

Kyautar da aka yi a cikin cutar ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

Wakilci da gushewar hankali

Nan ne aka fi yin kuskure. Dattijo kan ba babban ɗansa wakala ta karɓar haya da cire kuɗi a banki, iyali su ɗauka an gama shiri. Amma wakala tana faɗuwa da zarar mai bayarwa ya rasu ko hankalinsa ya gushe, kuma ko yana lafiya wa'adinta bai wuce shekara 5 ba a dokar tabbatar da takardu ta 2020. Duk cinikin da wakili ya ƙulla bayan haka sauran magada na iya neman a warware shi, a kuma bi shi abin da ya cire.

Idan rikicewar tsufa ko shanyewar jiki ta hana mutum sanin abin da yake yi, hanyar ita ce kotun iyali. Ana kai rahoton likitoci da shaidu, alƙali ya hana shi ta'ammali da dukiyarsa, ya naɗa masa waliyyi a cikin sakki, wato takardar hukuma. Waliyyin ba ya sayar da gidansa sai da izinin kotu. Wanda ba shi da mai riƙe masa, akwai hukumar gwamnati mai kula da dukiyar ƙananan yara da masu irin hukuncinsu, wadda dokarta ta fito a 2006. Shekarun mallakar kai 18 ne.

Bayan rasuwa

Banki na rufe asusu da zarar labari ya iske shi. Ana fara karɓar takardar shaidar rasuwa, sai sakkin ƙididdigar magada, wanda ake kira hasrul warasa, da shaidu biyu da suka san iyalin. Magajin da ke Kano ko Damagaram sai ya aiko da wakala da aka fassara zuwa Larabci, hukumomin harkokin waje da ofishin jakadancin Saudiyya suka buga mata hatimi. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan fasfo da na igama ya isa a dawo da ita.

Ga misali: mutum ya bar riyal 120,000 bayan biyan bashi, da mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matan za su raba tumuni, 7,500 kowacce. Mahaifiya na da sudusi, 20,000. Ragowar 85,000 a kasa biyar: 'yar ta ɗauki 17,000, kowane ɗa 34,000. Haƙƙin ƙarshen aiki, wato kuɗin sallamar ma'aikaci, shi ma gado ne, kuma an fi mantawa da shi: rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar na farko, cikakken albashi ga kowace shekara bayan nan. Direban kamfani da ya shekara 8 a kan riyal 2,000 a wata, magadansa na bin kamfanin 11,000.

Gidaje da shaguna

Dokar 2000 ta hana baƙo mallakar gida a cikin Makka da Madina sai ta hanyar gado. A 2025 aka amince da sabuwar doka da ta maye gurbinta. Saboda hanin tsohuwar dokar, wasu sun sayi gida ko sun buɗe shago da sunan ɗan ƙasa. Kotu sakki take dubawa, kuma fakewa da sunan wani a kasuwanci laifi ne a dokar 2020, don haka magada kan rasa ta inda za su fara ƙara. Wasu masu sakki na halal kan mayar da gida waƙafi ga zuriya, wanda ba a sayarwa kuma ba a rabawa. Malamai sun yi saɓani a kan wanda aka keɓe wa 'ya'ya maza kaɗai.