Wai "na'urar gano ƙarya": me take ganowa ne tukunna?

Kwana biyun nan in ka kunna rediyo bayan isha'i lokacin shirye-shiryen siyasa, da wuya a tashi wani sojan baka bai ce "a kawo na'urar gano ƙarya a ɗaura wa wane" ba, ɗayan ɓangaren ma washegari ya zo ya ce su ma a shirye suke a gwada gwaninsu. Daga rediyo ta shigo majalisar mai shayi a nan ƙauyenmu, har yara na gani a shagon caji suna ɗora babban yatsa a kan gilashin waya wai manhaja ce, in ka yi ƙarya ta kawo ja in gaskiya ce ta kawo kore. Wannan ta waya wasan yara ce, gilashin waya ba ya awon komai a yatsanka, mu wuce wajen. Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne manya masu furfura da suke maganar kamar akwai wani inji can a Turai da yake leƙa zuciyar mutum ya karanto abin da ke ciki. Babu shi wallahi. Mutane sun haɗa abu biyu ne suka cakuɗa, wanda yake akwai a zahiri da wanda ba ya ko'ina sai a cikin ƙagaggun labarai da finafinai.

Wanda yake akwai sunansa foligiraf, kuma sunan kaɗai ya isa ya tona asirin. Kalmar daga harshen Girkanci take, ɓangaren farko yana nufin "da yawa", na biyu yana nufin "rubutu". Wato mai rubutu da yawa, shikenan. Ko ƙamshin kalmar ƙarya babu a ciki. An kira shi haka ne saboda allurai ne da yawa suke zana layi a kan doguwar takarda a lokaci ɗaya (yanzu kwamfuta ce take zanawa), ɗaya tana bin numfashi ta wata roba da ake ɗaura wa mutum a ƙirji da ciki, ɗaya tana bin bugun jini ta irin abin nan da ake naɗa maka a damtse in ka je asibiti awon hawan jini, ɗaya kuma tana bin zufar yatsu. Wani ɗan sanda mai ilimin aikin jikin ɗan Adam, John Larson, shi ya haɗa shi a 1921 a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, daga baya Leonarde Keeler ya inganta shi ya mai da shi abin ɗauka a akwati. To ka ga numfashi, bugun jini, zufa. A cikin ukun nan wanne ne ƙarya? Duk alamun tashin hankali ne. Injin yana zana tsoro, shi kuma ma'aikacin da ke zaune yana kwatanta yadda jikinka ya motsa a wannan tambayar da yadda ya motsa a waccan, sai ya yanke hukunci da kansa. Mutum ne yake cewa ka yi ƙarya, ba ƙarfen ba.

Su kansu masu abin ba su yarda da shi yadda muke ɗauka ba. Tun 1923 wata kotu a Amurka ta ƙi karɓar irin wannan gwajin na bugun jini a matsayin hujja, a shari'ar da ake kira ta Frye, kuma har yau yawancin kotunansu ba sa ɗauka. A 1988 suka yi doka da ta hana akasarin kamfanoni masu zaman kansu tilasta wa ma'aikata gwajin. A 2003 babbar majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta yi nazari ta ce hujjar ingancinsa mai rauni ce, musamman in za a tace ma'aikata da shi. Kuma ga Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, da ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet asirai a 1985, an ɗaura masa injin a 1986 ya wuce, an sake a 1991 ya wuce, sai 1994 aka kama shi ta wata hanyar daban. Mutumin da ya yi sanadin kashe mutane da bakinsa ya zauna an gwada shi har sau biyu aka ce ya wuce.

Ni abin da ya sa maganar nan ta tsaya min a rai, na taɓa ganin irinsa da idona ba tare da wani inji ba. Shekarun baya waya ta ɓata a wani shagon caji a garinmu, aka kama ɗan ƙanwata, lokacin bai fi shekara goma sha uku ba, don shi ne na ƙarshe da aka gani a bakin shagon. Aka kai shi zauren mai unguwa, mutane sun cika har waje. Yaron nan tun yana ƙarami in babba ya ɗaga masa murya in'ina take kama shi. Mai unguwa ya ce "ɗana, kalle ni nan, kai ka ɗauka?" ya buɗe baki yana son ya ce ranka ya daɗe ba ni ba ne, kalmar ta maƙale, leɓensa yana rawa, zufa tana bin gefen kunnensa tana ɗiga a kan wuyan rigarsa, yana ta murza gefen tabarma da yatsa har ya zare kaba ɗaya. Sai na ji wani a bayana ya ce ai kun gani, jikinsa ma ya ba da shi, mara gaskiya ko cikin ruwa ya yi jiɓi. Kwana uku aka ga wayar a bayan batirin sola inda ta zame ta faɗa. Da a ce ranar an ɗaura wa yaron nan foligiraf allurar sai ta kusa yaga takarda. Karin maganar nan ina girmama ta amma ba kullum take daidai ba, mai gaskiya ma yana jiɓi, musamman talaka a gaban masu iko.

To sai na biyun, wanda sojojin baka suke nufi ba tare da sun sani ba, wato injin da ba ya kuskure ko sau ɗaya. Wannan gidansa almarar kimiyya ce, irin labaran da marubuci zai ɗauki abu ɗaya da babu shi ya ce "da a ce akwai fa?" sai ya bi sawun abin da zai biyo baya. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Masu rubuta labarin injin gaskiya sukan fara da daɗin abin, kotu ta gama shari'a cikin minti biyar, ba a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, ɗan takara ba ya iya alkawarin da ya san ba zai cika ba. Ni ma in na tuna zauren mai unguwa raina yana so. Amma ka ɗauko injin nan ka ajiye shi a nan ƙasarmu ka ga abin da zai faru.

Ka kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, cikin kara, inda dillali yake cewa wallahi an taya dubu kaza ban sallama ba. Wannan kam ya kama shi, kuma ban damu ba. Amma ka shigo da shi cikin gida. Baƙo ya zo an kawo masa tuwo ya ga yaran gidan suna kallon kwanon, ya ce alhamdulillahi a ƙoshe nake, alhali tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ka je duba mara lafiya ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, kai da shi duk kun san ba sauƙin. Ina gajiya, ba gajiya. Uwa a gaban mutane ta nuna ko a jikinta da ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, cikin dare kuma ita ce ba ta barci saboda shi. Dattijo ya je biko ya ce wa matar mijinki kullum maganarki yake, ya dawo ya ce wa mijin ita ma hankalinta yana gida, ya ɗan ƙara gishiri don aure ya tsira. Injin da ba ya kuskure duk ja zai kawo a nan. Mu kuma muna da sunaye daban daban ga waɗannan, kara, kunya, kawaici, rufin asiri, sulhu, kuma ba wanda zai kira mai yinsu maƙaryaci. Hadisi ma ya zo daga Ummu Kulsum 'yar Uƙba cewa ba maƙaryaci ba ne wanda yake sulhunta tsakanin mutane ya faɗi alheri. Ni a ganina garin da aka rataya wa kowa wannan injin a wuya ba gaskiya ce za ta yawaita a cikinsa ba, shiru ne zai yawaita, kowa ya kama bakinsa, gaisuwa ma sai an yi tunani.

Akwai kuma inda ko cikakken injin ba zai tsinana komai ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ƙarya daban kuskure daban. Injin in ya kai matuƙa abin da zai iya gaya maka shi ne ko mutum ya yarda da abin da yake faɗa, ba wai ko abin haka yake ba. Duk wanda ya taɓa zama a rikicin iyakar gona ya san wannan. Wannan ya ce kakansa ya nuna masa iyaka daga jikin kukar nan ne, wancan ya ce daga layin gamba ne, kowa a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, kuma kowa har zuciyarsa gaskiya yake faɗa, don abin da aka gaya masa kenan yana yaro. Injin zai kawo kore sau biyu, alƙali yana nan inda yake, dole ya nemi shaidu ya taka ƙafa ya je gonar. Haka mai yaɗa jita-jitar WhatsApp da ya yi imani da ita, kore zai samu. Haka ɗan siyasar da ranar da ya yi alkawarin titi da gaske yana jin zai yi.

Shari'armu ba ta taɓa jiran inji ba. Hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya ce shi mutum ne, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja ya yanke masa a kan abin da ya ji, wanda ya karɓi haƙƙin ɗan uwansa ta haka yankin wuta aka yankar masa. Kuma da Usama ɗan Zaid ya kashe wani a yaƙi bayan ya yi kalmar shahada, yana cewa tsoro ne ya sa shi faɗa, Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani. An bar mana zahiri, an bar zuciya ga Mai ita, Suratul Hujurat aya ta 12 ma ta hana bin diddigin asirin mutane.

Sannan tambayar da ban taɓa jin wani ya yi a rediyo ba, injin a hannun wa zai kasance, kuma wa zai zaɓi tambayoyin? Masu cewa a ɗaura wa gwamna ko sanata, ni ban ga ranar da mai jiniya zai miƙa damtsensa ba. Wanda na san za a fara ɗaura wa shi ne ɗan acaɓa da aka tare a shingen hanya, da 'yar aikin da aka kai birni daga ƙauye sarƙar hajiya ta ɓata, da makiyayin da aka ce shanunsa ne suka shiga gero, da yaro irin ɗan ƙanwata. Shi yanzu ya girma har ya yi aure, yana noman riɗi, wayarsa kuma garin gaba yake kai ta caji a kan keke, don har yau bai ƙara taka bakin shagon nan ba.